Labarin Ciki a Tambayi Ido: Tsutsar da ke Shanye Jinin Awakinmu da Tumakinmu

Jawabin kwamitin kiwo a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu mata da ke zaune nan gaba, yayyenmu da ƙannenmu, da iyayen gida da suka daure suka zo suka zauna can baya, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Mun san ƙamshin abinci ya fara isowa, don haka ba za mu ja ku da nisa ba. Amma a ba mu aron kunne, domin maganar da muka zo da ita ta taɓa ƙullin bakin zanin kowace mace da ke nan.

Duk mun san matsayin akuya a wajen mace. Ita ce asusun da ba ya buƙatar sa hannu. In yaro ya kwanta ciwo da dare, ita ake kamawa a kai kasuwa da safe. In kuɗin makaranta ya taso, ko kayan ɗakin yarinya, ko zubin adashi ya zo hannu babu komai, wajen turke ake dubawa. Da yawa daga cikinmu ma da akuyar rancen ƙungiya muka fara. To abin da ya taɓa akuya ya taɓa rufin asirin gida.

Daminar da ta wuce mun yi asara, kuma ba gida ɗaya ba. Za mu ba da labarin guda ɗaya, da izinin mai ita, ba tare da kiran suna ba. Jar akuya ce mai 'ya'ya biyu tana shayarwa. Tana cin abinci, ba ta tari, ba ta zawo, kashinta ƙwaya-ƙwaya kamar kullum. Abin da aka fara lura da shi kawai, in an kora su sai ta riƙa zama a baya, ta yi 'yar tafiya ta tsaya tana haki. Bayan kwana biyu sai ga kumburi a ƙarƙashin haɓarta, taushi luɓus kamar an ɗura ruwa a leda. Wata ta ce cizon maciji ne, wata ta ce leda ta ci, wata kuma ta rage murya ta ce baki ne. Aka jiƙa kanwa, aka jiƙa saiwa, aka yi turare. Ranar da ta kasa tashi aka kira mahauci a guje kada ta mutu mushe. Da ya yanka sai ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wannan ai babu jini a jikinta." Abin da ya zuba tsararo ne kamar ruwan wankin nama, naman kuma fari fat.

Allah ya sa malamin dabbobi yana kusa. Ya ce a ware masa kayan ciki, ya sa aka tsaga wani sashe aka ɗauraye a farar roba. Mu 'yan kwamiti muna tsaye. Da ruwan ya kwanta sai ga wasu abubuwa kamar guntayen zare, jajaye, suna motsi, ba su ƙirguwa. Ya ce mana, "Ga macijin naku nan." Gani ya kori ji. Tun daga ranar muka shiga tambaya da neman sani, kuma abin da muka samo shi muka kawo muku yau.

Wace ce wannan tsutsa?

Kun san cikin akuya da na tunkiya ɗaki huɗu ne. Akwai babban tumbi inda ciyawa ke taruwa a dawo da ita a yi tuƙa, akwai biyu a tsakiya, sannan akwai na ƙarshe, wanda daga shi sai hanji. A wannan na ƙarshen take zama. Likitocin dabbobi suna kiranta Haemonchus contortus. Ba sai kun riƙe sunan ba, ku dai riƙe kamanninta. Macen ba ta wuce tsawon gaɓar yatsa ba, santimita 2 zuwa 3, siririya kamar zaren ɗinki, namijin bai ma kai haka ba. In kika ɗora macen a tafin hannu kika duba da kyau, za ki ga kamar an murɗa jan zare da fari wuri ɗaya. Farin shi ne jakar ƙwanta. Jan kuwa hanjinta ne, cike da jinin akuyarki.

Ciyawar da dabba ta ci ba ta dame ta ba, jini take sha. Tana da ɗan tsini a baki wanda take tsaga bangon ciki da shi, ta tsotsa, in ta saki ta koma wani wuri kuma inda ta bari ya ci gaba da tsiyaya. Masana sun ƙiyasta kowace ɗaya tana jawo asarar jini kamar ɗigo guda a rana, wato kusan mililita 0.05. Za ku ce ɗigo ɗaya me zai yi? To mu yi lissafi irin namu na 'yan adashi. Dabba ɗaya tana iya ɗaukar tsutsa 5,000, har fiye. Ɗigo 5,000 ya kama mililita 250, wato rabin ledar fiya wata ke nan, kullum. Ita kuwa akuya mai nauyin kilo 20, duk jinin jikinta bai fi kamar leda uku ba. Jiki yana ƙoƙarin ƙera sabo, amma ina zai cim ma irin wannan yoyo? Shi ya sa ake ganin ɗan rago da ƙibarsa, jiya yana tsalle, yau an wayi gari ya faɗi.

Kumburin haɓar nan ma daga nan yake. In jini ya tsinke ya rasa kaurinsa, ruwa sai ya riƙa fita daga jijiya yana taruwa a inda ya fi gangare. Dabbar da ta wuni kanta a ƙasa tana kiwo, ƙarƙashin haɓa ne gangarenta. Don haka wani lokaci kumburin ya fi fitowa da yamma, da safe ya ɗan saɓe, mai ita ta ce ai ta samu sauƙi. Ba sauƙi ba ne.

Ga wurin da yawancinmu muka ruɗe. Mun taso da sanin cewa tsutsar ciki zawo take sawa. Akwai masu sa zawo, gaskiya ne. Wannan kam yawanci ba ta sawa. In kika zauna jiran zawo kafin ki ce akuyarki tana da tsutsa, mahauci za ki kira.

Ta ina take shiga?

Ba a haifar ɗan akuya da ita, kuma ba a iska take ba. A ciyawa ake cinta. Mace ɗaya tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ƙwan ya bi kashi ya fita, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. In ƙasa da danshi da ɗumi, kamar yadda take a damina, ƙwan sai ya ƙyanƙyashe a cikin kashin, cikin kwana 5 zuwa mako guda 'ya'yan sun isa shiga dabba. Ruwan sama ya fito da su, su bi laimar raɓa su hau ganyen ciyawa. Ba su hawa da nisa, yawancinsu suna nan ƙasa-ƙasa, tsawon yatsa zuwa tafin hannu daga ƙasa. Dabba ta zo ta kwashe su tare da ciyawa. Bayan kamar mako uku sun girma a cikinta, sun fara sha, sun fara zuba nasu ƙwan. Haka abin ke juyawa tun daga faɗuwar ruwa har kaka, kowane zagaye ya fi na baya yawa.

Yanzu ku dubi yadda muke kiwo da damina. Shuka ta fito, ba dama a saki dabba, sai turke. Mukan kafa turken a gefen hanya ko bayan gida, wuri ɗaya, mako da makonni. Akuya ta yi kashi a nan, ta ci a nan, ta cinye ciyawar har ƙasa. In kuma a gida take, yara su yanko ciyawa daga bakin rafi inda garken gari ke wuni, a zube mata a ƙasa a kan kashinta. Da hannunmu muke kai mata.

Akwai tambayar da wata uwarmu ta yi mana, kuma tambaya ce mai kyau. Ta ce, "To da rani fa? Rana ta ƙone komai, ko ciyawa babu. Daga ina tsutsar ke dawowa?" Gaskiya ne, zafin rani da bushewar hunturu suna kashe ƙwai da 'ya'yan da ke ƙasa. Amma tsutsar tana da dabara. 'Ya'yan da dabba ta haɗiya wajen ƙarshen damina, da yawansu ba su girma. Sai su shige cikin bangon ciki su lafe, ba ci ba motsi, wata da watanni. Masu bincike a Zariya sun daɗe da tabbatar da wannan a tumakin ƙasarmu. In bazara ta yi, ruwa ya kusa, sai su farka su girma. Lokacin kuwa dabba ta fi kowane lokaci rama, harawa ta ƙare, dusa ta yi tsada. Don haka kada ki yi mamaki in kika ga alamar rashin jini tun kafin ciyawa ta fito. Ɓarawon a cikin gida ya yi rani.

Su wa ta fi kayarwa? Na farko ƙanana, daga lokacin da suka fara cin ciyawa, musamman bayan yaye. Na biyu masu tsohon ciki da masu shayarwa, domin wajen haihuwa ƙarfin jikin uwa na yaƙi da tsutsa yana raguwa, ƙwan da take zubarwa ya ƙaru, daidai lokacin da 'ya'yanta ke koyon kiwo a gefenta. Na uku duk dabbar da ba ta ƙoshi. Sannan akuya ta fi tunkiya rauni a nan. Babbar tunkiya jikinta yakan saba ya riƙa kare kansa, akuya kuwa ba ta cika samun wannan sosai ba, domin asalinta mai cin ganyen sama ce, mu muka tilasta mata sunkuyawa.

Duba ido

To ga abin da muka fi so kowa ta tafi da shi gida. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wajen akuya, labarin ciki a tambayi ido. Fatar cikin ido ta ƙasa tana nuna yawan jinin da ke jiki, kamar dai yadda ma'aikaciyar asibiti ke jan idonmu ranar awo.

Wannan hanya a Afirka ta Kudu aka tsara ta a shekarun 1990, lokacin da tsutsar ta addabi masu tumaki a can. Sun yi wani kati mai suna FAMACHA, daga sunan likitan dabbobin da ya kawo dabarar, Dokta Faffa Malan. Katin yana da launi biyar. Lamba 1 ja sosai, lamba 2 ja mai ɗan haske, lamba 3 ruwan hoda, lamba 4 hoda mai kusan fari, lamba 5 fari fat. Ana kara shi kusa da ido a gwada. In an samu katin da wanda zai koyar da shi, ya fi. Kafin nan, idonmu ma yana iya koyo.

Ga yadda ake yi. A fito da dabbar fili, cikin hasken rana, ban da cikin ɗaki, ban da tocila. Wani ya riƙe ta. Ki sa babban yatsa ki rufe idon da fatar sama, ki ɗan danna a hankali, sannan da ɗaya yatsan ki ja fatar ƙasa. Za ki ga naman ciki ya bulluƙo. Shi za ki duba, nan take, domin in kika daɗe kina riƙe da shi sai ya yi ja na ƙarya. Ki duba ido biyun. Ja, lafiya lau, a ƙyale ta. Fari ko kusan fari, magani yau, kada a kai gobe. Ruwan hoda na tsakiya kuwa, in ƙarama ce, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko ramammiya, a ba ta. In babba ce mai ƙiba, a sa mata ido a sake dubawa bayan mako. Shawararmu, ki fara da wadda kika tabbatar lafiyarta ƙalau, ki ga yadda jan gaske yake, sai ki gwada sauran da ita.

Da damina a duba duk mako biyu. Da rani sau ɗaya a wata ya isa, a ƙara ƙaimi in bazara ta shigo. Aikin bai kai tsawon daka yaji ba.

Amma a yi hattara, farin ido rashin jini yake nunawa, kuma ba wannan tsutsa kaɗai ke kawo shi ba. Masu kiwo a fadama da bakin dam, akwai tsutsar hanta, ita ma tana sa farin ido da kumburin haɓa, kuma ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba. Kaska da ƙwarƙwata masu yawa ma suna shan jini. In kin ba da magani, mako biyu ya wuce babu canji, a nemi malamin dabbobi, a kai masa ɗanyen kashi a leda ya duba.

Maganar magani

Wata za ta ce, to me ya kawo duk wannan wahala? A sayo magani a ɗura wa kowa duk wata a huta mana. Mu ma da haka muka ɗauka. Ashe nan ne babban kuskuren.

Iyayenmu za su tuna lokacin da kulorokwin ke sauke zazzaɓin cizon sauro cikin kwana biyu. Yau ina yake? Ƙwayar cutar ta saba da shi, aka daina. To haka tsutsar nan take yi da magani, kuma ta yi suna a duniya wajen saurin sabawa. Maganin da ake kira ibamektin ya shigo kasuwa a 1981, ana ta murna, amma bai cika shekara goma ba aka samu tsutsar da ba ya kashewa a Afirka ta Kudu. A can da Ostireliya da Barazil akwai gonakin da aka gwada magani iri-iri tsutsar ta ƙi mutuwa. Abin da ya sa a Afirka ta Kudu suka koma duba ido ke nan.

Yadda abin yake, kamar tankaɗe ne. Duk sanda kika ba da magani, masu rauni sun mutu, sun wuce kamar gari, masu taurin kai sun rage a rariya kamar tsaki. In kowace dabba a gari aka ɗura wa, kuma a kai a kai, tsakin kaɗai zai rage ya hayayyafa, wata rana a wayi gari duk tsutsar gari tsaki ce. Amma in aka bar masu jan ido ba a ba su ba, tsutsa mai rauni da ke cikinsu tana nan tana cuɗanya da mai taurin, tana tsinka irinta, magani ya daɗe yana aiki. Kuma an lura a kowane garke dabbobi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsa. Su ne masu farin ido. Kin ga an rage kashe kuɗi, an kuma tsare maganin saboda gobe.

Abin da ya fi saurin lalata magani shi ne ba da shi ƙasa da ƙima. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wace ce a nan ba ta taɓa raba ƙwaya ɗaya wa awaki uku ba? Ko a sayi 'yar kwalba a hannun mai talla ranar kasuwa, ta wuni a rana, babu kwanan wata, babu lambar NAFDAC, a zuba a ruwan sha kowa ya kurɓa? Araha ba ta ado. Wannan horar da tsutsa ne kawai.

Ga ƙa'idojin da muka tattaro. A sayi magani a shagon magungunan dabbobi da aka sani, a duba ranar lalacewarsa, a ajiye shi a inuwa. Manyan iyalan maganin da aka fi samu su ne albendazol, wato farin nan, da lebamisol, da ibamektin. Sunan kamfani yana iya canzawa alhali maganin ciki ɗaya ne, don haka a sa ɗan makaranta ya karanta ƙananan rubutun. A ba da shi bisa nauyin dabba, a auna, kada a kintata. Na ruwa a girgiza kwalbar, a ja da sirinji marar allura, a zuba can bayan harshe a hankali kada ta shaƙe. Akuya jikinta yana saurin narkar da magani fiye da tunkiya, don haka ƙimarta takan fi wadda aka rubuta domin tumaki. Amma kada ki ƙara da kanki, malamin dabbobi zai faɗa miki, domin lebamisol in ya yi yawa yana kisa. Albendazol kuma ba a ba wa mai sabon ciki, wato a farkon watanninsa, yana iya taɓa ɗan da ke ciki. Sannan kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, suna rubuce a jikin kwalba. Masu kiwon ragunan layya da na suna, a kula da wannan. Ita tsutsar ba ta shiga tsoka, ba a ɗaukarta ta cin nama. Ragowar magani a nama shi ne abin gudu.

Wani abu kuma, allurar rigakafin da ake zagayowa ana yi wa awaki da tumaki saboda annobar nan mai majina da zawo, a ci gaba da kai su, tana da muhimmanci ƙwarai. Amma ba ta taɓa tsutsa. Kowanne da aikinsa.

Magani yana kashe tsutsa ne, ba ya mayar da jini. Dabbar da ta yi fari tana buƙatar makonni kafin ta dawo. A ajiye ta a inuwa, kada yara su kora ta da gudu, a kai mata ruwa kusa, a ba ta abinci mai gina jiki: harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, ɗan ƙuliƙuli, 'ya'yan gawo. An tabbatar dabbar da ke samun irin wannan abinci ta fi jure tsutsa tun farko.

Magungunan gargajiya fa? Ba mu zo mu raina abin da muka gada ba. Iyayenmu sun yi amfani da ɓawon maɗaci da bagaruwa, kuma bincike ya nuna itatuwa masu barci a baki suna iya rage tsutsa. A matsayin taimako, madalla. Amma akuyar da idonta ya yi fari ba ta da kwanakin jiran jiƙo.

Tsare gida

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawansa ba ya cin ko sisi. A share kashi kullum, a tara shi wuri ɗaya nesa da turke, ya ruɓe ya zama taki, zafin tarin yana kashe ƙwan. Ciyawa kada a zube ta a ƙasa, a sa a kwando ko tsohuwar roba, ko a ɗaure a rataye. Akuya ma ta fi son ta ɗaga kai ta ci, a yawaita mata ganyen itace. Yaranmu masu yankan ciyawa, ga naku: ku guji inda garke ke wuni, kada ku yanke har ƙasa, in kun kawo a baza ta ta sha rana kafin a bayar. In turke ake yi a waje, a matsar da shi duk kwana uku ko huɗu, kafin ƙwan ya zama abin cutarwa, kada a dawo wurin sai bayan wata guda ko fiye. A bari raɓa ta bushe kafin a fitar da su. Wurin shan ruwa kada ya zama taɓo.

Sabuwar dabba daga kara, ko wadda aka kawo ta gado ko ta biki, kada a haɗa ta da na gida ranar. A ɗaure ta gefe 'yan kwanaki, a duba idonta, a yi mata magani da shawarar malami, a kwashe kashinta. Tana iya zuwa da tsutsar da ta riga ta gagari magani a wani gari.

Na ƙarshe yana da ɗan ɗaci. In kina da akuya wadda duk dubawa ita ce mai farin ido, an ba ta magani sau uku, sau huɗu a damina ɗaya, alhali 'yan'uwanta suna nan ja, to ita ce ke cika miki gida da ƙwai, kuma 'ya'yanta suna iya gadonta. In ta murmure, ita za a fara sayarwa in buƙata ta taso. A riƙe masu jan ido su yi iri. Haka ma wajen zaɓen bunsuru da rago.

Abin da muke roƙo

Tsutsa ba ta san katanga ba. In kin tsare naki, maƙwabciyarki tana raba ƙwaya uku, a fili ɗaya awakinku ke haɗuwa da kaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka kwamiti yana kawo shawara huɗu gaban uwar ƙungiya da mambobi. Ɗaya, a sayi sikelin ratayawa da buhu, na ƙungiya, domin auna dabba kafin magani. Biyu, a riƙa sayen magani a dunƙule daga shago ɗaya amintacce, a ajiye wajen mutum ɗaya, mai buƙata ta biya na ƙimar dabbarta. Uku, kowace unguwa ta fitar da mata biyu, mu gayyato malamin dabbobi ya koya musu duba ido da ɗura magani, su riƙa zagayawa duk mako biyu da damina. Huɗu, a buɗe littafi, a rubuta kowace dabba, launin idonta, ranar da aka ba ta magani da sunan maganin. Mun iya riƙe littafin adashi shekara da shekaru ba a ɓata ko kwabo ba, wannan ba zai gagare mu ba.

Iyayen gida, ku ma muna roƙonku, ku kuke zuwa kasuwa. In an ba ku saƙon magani, a sayo wanda aka rubuta, kada a canza da mai araha.

'Yar'uwar tamu da ta rasa jar akuyarta, 'ya'yan biyu sun rayu. An duba idonsu a ranar, ɗaya ya fara fari, aka yi masa magani aka ciyar da shi. Macen cikinsu yanzu haka ciki gare ta, kuma daga ita za a biya rancen ƙungiya in Allah ya sauke ta lafiya. Ita ce ma ta ce lallai a ba da labarin a gaban kowa.

Gobe da safe, in rana ta fito, kafin a ɗora tukunya, kowa ta je turke ta ja idon dabbobinta ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ga fari ta neme mu kafin azahar, kun san gidajenmu. Allah ya albarkaci kiwonmu, ya maimaita mana.